Ka ɗora Linux a kwamfutarka, to sai me?

Bayan sallar isha'i wani ƙanena ɗalibi da ke rubuta risalar digirinsa na biyu a nan Madina ya kira ni, murya a sama. "Yaya, wannan abin da ka sa na ɗora ya lalata mini aiki. Na buɗe babi biyu, komai ya hargitse." Da na isa ɗakinsa na tarar da kwamfutar tebur, irin Dell ɗin nan da kamfanoni ke sallamawa a sayar a hannu. Ya saye ta da allonta da madannanta a kuɗin da bai kai na matsakaiciyar waya ba, kuma kwana biyu kafin nan ya goge Windows ya ɗora Linux Mint, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Risalar tana nan lafiya, ko ɗigo bai ɓace ba. Salon haruffan da ya yi rubutun da shi ne babu a sabuwar manhajar, sai ta aro wani ta cike gurbin, shafuka suka zame, hamishi, wato bayanan ƙasan shafi, ya ture matani, ayoyin da ya sa a tsakiya suka koma gefe. Cikin minti ashirin rubutun ya dawo abin karantawa. Amma da ban je ba, na tabbata washegari zai kai ta shago a mayar masa da abin da ya saba, ya kuma riƙa gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa Linux ba ta iya Larabci.

Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Mutum ya sauke manhajar, ya zuba a filashi, ya ɗora, kwamfuta ta tashi da sabon allo mai sheƙi, sai ya ɗauka an gama. Alhali mukullin gida kawai aka miƙa masa. Ba a jawo ruwa ba, ba a sa labule ba, ba a kafa sakata ba. Yawancin waɗanda na sani da suka gudu daga Linux a makon farko suka gudu, kuma kusan kullum abin da ya kore su aikin yini guda ne da ba wanda ya gaya musu cewa yana jiran su. Mu kuwa Hausawan da ke zaune a ƙasar nan namu aikin ya fi na kowa, domin hannunmu yana rubutu da harshe uku a rana ɗaya: Larabci don karatu da hukuma, Turanci don aiki, Hausa don gida.

Dalilin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu sananne ne. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana neman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutoci masu lafiya garau sun faɗi wannan jarrabawa, su ne suka cika kasuwar kayan hannu da shafin saye da sayarwa na Haraj, su ne kuma aljihun ɗalibi ko direba ko tela ke iya kaiwa gare su. Linux ba ta kafa waɗannan sharuɗɗa. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa tun 1983, kuma sirrinta a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Daga Debian ta 1993 aka samo Ubuntu a 2004, daga Ubuntu aka samo Mint a 2006. Misalaina a kan Mint za su tsaya saboda ita nake ɗora wa wanda ya fito daga Windows, amma kusan duk abin da zan faɗa ya hau kan Ubuntu. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da yi mata gyaran tsaro har 2029.

Tun kafin a shiga maganar manhaja, a juya akwatin a dubi bayansa. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan jan maɓalli kusa da inda wayar wuta ke shiga, gefe ɗaya 115, ɗaya 230. Tsofaffin gidaje a Makka da Madina da Jidda har yanzu akwai masu soket iri biyu, na ƙaramar wuta da na babba. In maɓallin yana kan 115 ka cusa a babbar wuta, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri. Sannan a buɗe murfin a hure ƙurar da ta toshe fanka, don zafin bazarar ƙasar nan ba ya yi wa na'ura sassauci. Wanda ke da 'yan riyal na ragi, ya canza tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD. Babu wani saiti da zai ƙara mata gudu kamar wannan canji.

Da ta tashi, abu na farko intanet ne, domin duk sauran aikin a kansa ya rataya. Kwamfutocin ofis da yawa ba su da waifai a ciki, sai a sayo ɗan tsinken nan na USB a maƙala, kuma wasu daga cikinsu Linux ba ta gane su nan take. A nan mutum ke shiga tsaka mai wuya: yana buƙatar intanet don ya sauke direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, yana buƙatar direba don ya samu intanet. Mafita biyu ce. Ko a ja waya daga rauta kai tsaye, ko a haɗa wayar hannu ta Android da igiyar caji mai ɗaukar bayanai a kunna raba intanet ta USB. Linux tana ɗaukar wayar tamkar layin waya, ba ta neman komai.

Daga nan sai sabuntawa. Hoton manhajar da ka zuba a filashi an haɗa shi watanni da suka wuce, a tsakani an toshe ɓaraka da dama. Buɗe Update Manager ka bar ta ta yi aikinta. Karon farko kayan suna da nauyi, don haka wanda ke kan data mai iyaka, ko ta STC ce ko Mobily ko Zain, gara ya jira inda akwai waifai mara iyaka. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi: rumbun da kwamfutar ke ɗibar kaya daga gare shi yana iya kasancewa a Amurka ko Turai. A cikin Software Sources, Mint tana gwada saurin rumbunan da kanta ta jera maka su, sai ka zaɓi wanda ya fi gudu daga inda kake.

Amma ni ba na bari a taɓa wani saiti mai nauyi sai an kunna Timeshift. Wannan manhaja tana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar yadda yake a yau, ta adana. In gobe ka ɗora direban da ya baƙanta maka allo, ko ka kwafo wani umarni da ba ka fahimta ba ya rikita komai, sai ka tashi da filashin da ka yi ɗorin da shi, ka mayar da ita jiya. Shi ya sa filashin nan ba a goge shi a zuba hotunan biki. A sa shi a aljihun tebur a rubuta masa suna. Sai dai a kiyaye, Timeshift tsarin manhaja take karewa, ba ta kula da fayilolinka. Risala, hoton iƙama da fasfo, takardun haihuwar yara, rasit ɗin haya, waɗannan ajiyarsu daban, a faifan waje da kuma wani wuri a intanet. Ɗalibin da ya shekara uku yana tara nassoshi a faifai ɗaya tak yana wasa da wuta, ko da wace manhaja yake aiki.

Direbobi ba su da wahala kamar yadda ake tsoratarwa. Mafi yawansu suna cikin zuciyar Linux tun asali, shi ya sa sauti da linzami da allo ke aiki ba ka yi komai ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne katin hoto na NVIDIA da wasu katunan waifai na Broadcom da Realtek. Driver Manager za ta duba ta gaya maka abin da ya rage, ka zaɓi wanda ta ba da shawara. In kwamfutar tana da tsaron tashi da ake kira Secure Boot, mai yiwuwa a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi, in ka sake kunnawa kuma wani shuɗin allo ya fito yana tambaya. Kada ka tsallake shi don tsoro. Rajistar mabuɗin direban yake nema, in ka wuce ba ka yi ba direban ba zai hau ba. Sai fakitin kunna bidiyo da sauti, wanda in ba ka sa alama a kansa lokacin ɗori ba, za ka same shi a Software Manager. Shi ne zai sa karatuttukan malamai da ka tara su buɗe ba gardama.

Agogo kuwa yana da nasa labarin. Wani dattijo maƙwabcinmu, haifaffen nan, wanda kakansa ya taho aikin hajji a ƙasa ta Sudan ya zauna, ya sa na ɗora masa Mint a gefen Windows don jikokinsa. Bayan kwana uku ya tare ni a ƙofar masallaci. "Ɗana, wannan na'ura taka tana cewa ƙarfe tara alhali ga azahar ta gabato." Na ce, "Baba, daga wane ɓangaren ka duba?" Ya ce na Windows. Ga abin da ke faruwa: a cikin akwatin akwai ƙaramin agogo mai batir. Linux tana saita shi a kan lokacin duniya, sannan ta ƙara awannin garinka wajen nunawa. Windows kuwa tana ɗauka abin da ke cikinsa lokacin gari ne. Saudiyya tana gaban lokacin duniya da awa uku, don haka duk lokacin da ka fito daga Linux ka shiga Windows sai ka ga agogo ya ja baya da awa uku cur. A Kano awa ɗaya ce, shi ya sa a can wasu ba sa ma lura. Maganin layi ɗaya ne a Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan su biyun sun daidaita. Wanda Linux kaɗai ke kwamfutarsa wannan bai shafe shi ba.

Kusa da wannan akwai saitin yanki. Lokacin ɗori, in ka zaɓi Riyad a taswira, manhajar kan ɗauka kana son kwanan wata da sunayen ranaku da Larabci ko da ka zaɓi Turanci a matsayin harshen allo. Wanda hakan ya yi masa, ya bar shi. Wanda bai yi masa ba, ya shiga saitin harsuna ya canza yankin, lokacin ba zai motsa ba. A tabbatar kuma takardar bugawa tana kan A4, domin in ta faɗa kan girman da Amurkawa ke amfani da shi, ƙasan shafi zai riƙa yankewa a firinta.

Yanzu ga inda na fi damuwa, inda kuma nake ganin jagororin da ake samu a intanet ba su san da mu ba sam.

Allon madannan da ake sayarwa a nan yana zuwa da haruffan Larabci da na Turanci a jiki. Ƙara Larabci a saitin madannai minti ɗaya ne, ka zaɓi maɓallan da za ka riƙa juyawa da su, da yawa sun fi son Alt da Shift saboda sabo. Abin da mutane ƙalilan suka sani shi ne a cikin wannan jerin akwai Hausa, har iri biyu, ta Najeriya da ta Gana, tana zaune tana jira, ba sai ka sauke komai ba. Ka ƙara ta, ka danna hoton madannan ka ga inda aka ajiye ƙ da ɗ da ɓ, ka zana a takarda ka manna a gefen allo. Mako ɗaya yatsu sun haddace. Wanda kuma jefi-jefi yake buƙatarsu, akwai gajeriyar hanya da ke aiki a yawancin manhajojin: danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar harafin, ka danna Enter. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke sa 'y, tasu 01B4 ce.

Wani zai ce ai ana ganewa ko ba lanƙwasa. Mu da muka tashi a cikin harshen muna ganewa, domin kunnenmu ne ke cike abin da ido bai gani ba. Amma ka dubi jikokin dattijon nan. Larabci ne harshen makarantarsu da na wasansu, Hausa a bakin kaka suke jin ta. In aka rubuta musu "kasa" ba su da hanyar sanin ƙasa ake nufi ko gazawa. "Baki" na fuska ne, ko baƙi ne suka zo? "Ya kare" ko "ya ƙare"? Yaron da yake koyon karatun Hausa a allo, abin da ya gani shi zai furta, kuma na ji da kunnena yarinya 'yar shekara tara tana karanta ɗaki da dalin Larabci saboda haka aka rubuta mata. Ranar da na saita musu madannan, babban cikinsu ya rubuta sunan garin kakanninsu, ya goge, ya sake rubutawa, yana kallon ƙugiyar da ke kan harafin. Ya ce, "Kawu, ashe da gaske harafinmu ne daban?" Saboda irin wannan nake cewa kwamfutar da ba ta rubuta ƙ ba a gama saita ta ba, ko da komai nata yana gudu.

Madannai rabin aiki ne, sauran rabin salon haruffa ne, abin da ɗalibai a nan ke kira khaɗɗi. Ba kowane salo ne aka zana masa haruffanmu masu lanƙwasa ba. In babu, kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salon, shi ya sa wani lokaci za ka ga ƙ ta fito siririya ko ta yi tsalle a tsakiyar kalma kamar baƙuwa. DejaVu da Noto suna da su cikakku. Cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi wasu musamman don harsuna irin namu: Charis da Gentium don littafi, Andika don masu koyon karatu, wadda ita nake sa wa yara. Duk kyauta ne kuma suna cikin rumbun manhajar.

A ɓangaren Larabci arzikin ya fi haka. Amiri, wanda Khalid Husni na Masar ya zana bisa salon tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, ya isa a buga littafi da shi ba kunya. Akwai Scheherazade New mai ɗaukar wasulla ba su hau kan juna ba, akwai Noto Naskh Arabic don karatu a allo. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke nan Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta fitar da nata salon haruffa ana saukewa daga shafinta, har da na rasmin Usmani. Ka sauke fayil ɗin, ka danna shi sau biyu, ka danna maɓallin girkawa, ya zauna. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ajami. SIL ta yi Harmattan don rubutun ajamin Afirka ta Yamma, ta kuma yi Alkalami, wanda aka zana shi a kan rubutun Kano, mai kauri, irin wanda duk wanda ya riƙe allo a tsangaya zai gane da kallo ɗaya. Tun 2016 ma'aunin Unicode, mai ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ware gurbi ga fa'un da ƙafun da nunun irin namu na Warshu. Na nuna wa dattijon layi ɗaya da Alkalami a allon, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce rabonsa da ganin wannan hannu tun wasiƙun da ake aiko wa mahaifinsa.

Sai dai akwai gaskiya mai ɗaci da ya kamata ɗalibi ya ji tun wuri. Sau da yawa sassan karatu a jami'o'in ƙasar nan suna sharɗanta a rubuta risala da Traditional Arabic, wanda kayan Windows ne, ba ya zuwa da Linux. Fakitin haruffan Microsoft da ake iya saukewa a rumbu yana kawo Arial da Times New Roman da wasu, amma ban da shi. Abin da na ba ƙanena shawara shi ne ya ci gaba da rubutunsa da Amiri, ya tambayi mushrifinsa, malamin da ke duba risalar, ko sashen zai karɓa a haka, in ba zai karɓa ba ya ware kwana biyu a ƙarshe ya yi shirin shafuka a kwamfutar da ke da salon, a maktaba ko a shagon hidimar ɗalibai. Ya yi gwajin tun yanzu da babi ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren miƙa risala ba daren gano cewa fihirisa ta zame da shafi goma ba ne.

LibreOffice, wadda ke tsaye a gurbin Word da Excel, tana zuwa a ɗore, amma ita ma tana son a zauna da ita. A cikin zaɓuɓɓukanta na harshe akwai wurin kunna tallafin rubutu mai sarƙaƙiya, ka sa shi a kan Larabcin Saudiyya. Sai ka yi haka maɓallan juya sakin layi daga dama zuwa hagu za su bayyana. A nan ne kuma ake zaɓar siffar lambobi, ko irin waɗanda muka saba da su a boko, ko irin na littattafan Larabci, ko a bar su su bi harshen da ke kewaye da su, wanda shi ya fi dacewa da mai haɗa harsuna. In kana musayar fayil da masu Word, ka sa ta riƙa adanawa a docx. In kuwa takardar ta kammala, aika ta a PDF, domin PDF tana tafiya da haruffanta a ciki, yadda ka gan ta haka mai karɓa zai gan ta. Ga mai rubuta Hausa akwai ƙananan abubuwa biyu masu cin rai. Jan layin da ke bin ƙasan kowace kalma yana cewa kuskure ce, ana kashe shi ta hanyar cire harshen duba rubutu daga sakin layin. Sai gyaran kai-tsaye da ke juya alamar 'yan da 'ya'ya ta koma kamar buɗe zance. A shiga saitin gyaran a hana shi taɓa alamar guda.

Maganar samun manhajoji ita ce inda tsohuwar ɗabi'a ke cutarwa. A Windows mun saba a shiga intanet a nemo fayil a sauke daga duk inda aka samu, ko a karɓa a filashin aboki. A Linux kasuwa ɗaya ce mai ƙofa, Software Manager, kayan cikinta kuma an san daga inda suka fito, suna sabuntuwa tare da sauran tsarin. VLC, GIMP, Telegram, duk suna nan. Wasu za ka gan su iri biyu, na rumbun tsarin da na Flatpak. Na biyun ya fi zama sabo amma ya fi cin wuri da data. Chrome da Zoom suna da zubin Linux a shafukansu na asali. WhatsApp ba ta da manhajar Linux daga kamfaninta, ta burauza ake shiga. Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, ma ta burauza take buɗewa kamar kullum, tabbatarwar Nafath, mai shaida cewa kai ne, kuma a wayarka take zuwa, babu abin da ya canza. Masu dogaro da Shamila, taskar littattafan Larabci, wadda aka fi sani a Windows, suna da shafinta na intanet don bincike, akwai kuma Wine mai ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows a Linux, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi. Wanda aikinsa kacokan ya rataya a kan wata manhajar Windows guda, kamar mai zanen gini ko mai lissafin kamfani, ni da kaina nake ce masa ya bar Windows a gefe ɗaya na faifan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya bar su biyun a kwamfuta ɗaya ya kashe saitin saurin tashi na Windows, wato Fast Startup. In yana kunne, Windows ba ta rufe faifanta gaba ɗaya idan an kashe, sai Linux ta ƙi yin rubutu a ɓangaren don kada ta lalata shi, mutum ya yi ta mamakin me ya sa fayil ya ƙi adanuwa.

Terminal ba dodo ba ne, amma wuƙa ce. Kalmar sudo a farkon umarni tana nufin ka ba shi ikon mai gida, zai iya taɓa komai har ya goge komai. In ya nemi kalmar sirri kana bugawa ba ka ga ko ɗigo a allo ba, haka aka yi shi, ci gaba ka danna Enter. Abin da nake roƙon kowa shi ne kada ya manna umarnin da bai san aikinsa ba don kawai wani ya ce ya yi masa magani. Katangar tsaro tana nan a ɗore amma a kashe take zuwa. Buɗe Firewall ka kunna, ka bar ta yadda take, mai shigowa a hana, mai fita a bari. Gaskiya ne ƙwayoyin cutar Windows ba sa aiki a nan, sai dai saƙon yaudara da ke cewa an rufe asusunka na banki ko iƙamarka ta samu matsala bai damu da wace manhaja kake kai ba.

A gidan da kwamfuta ɗaya ke hidimar kowa, a buɗe wa kowa asusunsa. Mai gida kaɗai ke riƙe da ikon gudanarwa, yara a ba su asusu na gama-gari wanda ba ya iya ɗora ko cire komai. Haka ma ɗalibai huɗu da suka yi karo-karo suka sayi guda a ɗaki: kada kalmar sirrin Absher ta wani ta zauna a burauzar da kowa ke buɗewa. Firinta kuwa, in sabuwa ce mai waifai, yawanci da kanta take bayyana ba tare da direba ba. Tsofaffin HP kuma akwai fakitin HPLIP da ke kula da su. In akwatin ma'ajiyarsa ta aiki, wato RAM, gigabait 4 ce kuma kana jin nauyi, zubin Mint mai Xfce ya fi sauƙi a kansa fiye da babban zubinta mai Cinnamon.

Ƙanena ya kira ni bayan mako biyu, wannan karon murya a kwance. Ya gwada babin farko a shagon da ke kusa da jami'a, ya ga shafi nawa yake zamewa, ya san kwana nawa zai ware. Tambayarsa ɗaya ce: yana son ya rubuta sadaukarwar risalar da Larabci, a ƙasanta kuma layi biyu da Hausa ga mahaifiyarsa, wadda ajami kawai take karantawa. Na ce ya zaɓi Alkalami, ya ƙara girman haruffan, ya fitar da shafin a PDF ya tura wa ƙanwarsa a Zariya ta nuna mata a waya kafin a buga, don in akwai wasalin da bai zauna daidai ba Hajiya ce za ta fara gani.